Telar da Ta Sare Yariman Toka

Anti Almakashi ake ce mata, kuma ba don sana'arta kaɗai ba. Bakinta ma yanka yake yi. Idan mace ta shigo shagonta da hoton wata riga a waya ta ce ita ma irinta take so, sai Anti ta sauke tabarau zuwa karan hanci, ta dubi hoton, ta dubi matar daga sama har ƙasa, ta ce, “Rigar dai zan iya. Jikin ne ba ni da shi a shago.” Wasu kan fita a fusace, amma bayan kwana biyu za ka gan su sun dawo da yadinsu a leda, don a duk unguwar babu mai saka hannun riga ya zauna kamar ita.

A wurin mahaifinta ta koyi ɗinki. Shi kayan 'yan makaranta yake ɗinkawa, kuma da idonsa ya fara rauni sai ya riƙa kiranta ta zura masa zare a allura. Daga zura zare ta koma kalmasa, daga kalmasa ta hau keken ɗinki. Kafin ta cika sha biyar ta fara gyara masa wuyan riga a ɓoye, shi kuma yana yin kamar bai lura ba. Baƙin kekensa na ƙafa har yanzu yana kusurwar shagonta, an ɗora masa tarin ƙyallaye da butar shayi.

Shagon yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da kayan famfo. Kekuna biyu ne masu aiki, da fanka ɗaya da ke kuka kamar ana matse ta, da dogon madubi mai tsage a gefe, wanda Anti ta ƙi canzawa don ta ce yana rage wa mutane girman kai. Mijinta direban bas ne da ya ajiye aiki. Shekara ashirin da tara suna tare, kuma maƙwabta sun shaida ba a taɓa wayewar gari ba su yi gardama ba, ko a kan gishiri ko a kan wanda ya bar famfo a buɗe. 'Ya'yansu uku sun kama gabansu. Saura Auta, mai shekara ashirin da huɗu, wadda ke aiki a shagon magani a tsallaken titi.

Ta hanyar Auta masifar ta shigo.

Akwai wani gem da matasan garin suka haukace a kansa, Gadar Gizagizai. Auta tana cikin manyan masu bugawa. A gem ɗin kai ne wata jaruma mai suna Gaggafa, kana bin sawun wani Yariman Toka da ya ƙone garinku, mataki bayan mataki, har ka cim masa a mataki na goma sha tara, a kan wata gada da ke rataye a sama. Nan ake gwabzawa da takubba. Idan ka kusa gamawa da shi sai komai ya lafa, ruwa ya fara sauka, ya sauke takobinsa, ya dubi Gaggafa ya ce, “Kin daɗe.” Ita ma ta sauke nata. Su tsaya suna kallon juna, sai gadar ta tsinke a tsakaninsu, kowa ya rage a ɓangarensa.

Shi ke nan fa. A kan wannan ne guruf ɗin masu gem na garin, mai mutum sama da ɗari takwas, ya dare gida biyu.

'Yan Soyayya suka ce ai ko makaho ya ga abin da ke tsakanin mutanen nan. Shugabarsu wata ce da ake kira Barista, duk da shekara biyu kawai ta yi tana karatun lauya kafin ta koma sayar da turare. Ita ce ta ƙirga daƙiƙun kallon, ta samu bakwai da rabi, ta kuma rubuta dogon bayani cewa babu namijin da ke kallon maƙiyinsa daƙiƙa bakwai da rabi. 'Yan Takobi suka ce ƙarya ne, dabarar yaƙi ce, yarima numfashi kawai yake nema. Nasu shugaban Injiniya ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya rantse cewa in aka cire kiɗan da ruwan saman, abin da zai rage mutum biyu ne da suka gaji. An kori mutane daga guruf. An buga riguna masu rubutun “Kin daɗe” a ƙirji. Wani saurayi ya rabu da budurwarsa saboda ta ce yarima ya yi kama da mai ciwon ciki.

Anti ba ta san ana yi ba, sai ranar da Auta ta shigo shago da Barista a bayanta. Ƙungiyar masu gem ɗin za ta yi taron shekara a wani zauren biki, kowa zai yi shigar wanda yake so a gem ɗin. Barista tana son kayan Gaggafa. Ba su gama bayani ba sai ga Injiniya, shi ma Auta ce ta yi masa kwatance, yana son alkyabbar yarima. Suka ga juna, kowa ya ɗaure fuska ya kama gefensa na benci.

Anti ta ce, “To, ku nuna min abin.”

Auta ta miƙa mata waya. Anti ta kalla har ƙarshe. Da yarima ya yi maganarsa sai ta ɗago.

“Kin daɗe? Abin da ya ce ke nan?”

“Eh, Umma. Ba ki ji yadda ya faɗa ba?”

“Na ji. Haka babanki yake ce min kullum in za mu fita, yana danna min hon kamar ya ɗauko fasinja. Wannan ne kuke wa kuka?”

Injiniya ya yi dariya har da buga cinya. Anti ta juyo kansa. “Kai kuma miƙe in auna ka. Yariman nan ba shi da tumbi, sai mu san yadda za mu yi da naka.”

Ta karɓi aikin. Kuma Anti ba ta ɗinka abin da ba ta gane ba. Ta sa mai gyaran waya ya tura mata bidiyon a tata wayar, ya koya mata yadda ake tsayarwa da yadda ake zuƙo hoto da yatsu biyu. Ta jingine wayar a jikin gwangwanin maɓallai. Kwana huɗu tana kallo. Ba fuska take kallo ba, ba ido ba, ita kafaɗa take bi, da inda aka tsaga alkyabbar, da yadda shafinta yake juyawa in iska ta ɗaga ta. A rana ta huɗu, wajen la'asar, ta tsayar da hoton daidai inda yarima ya sauke hannu, ta zuƙo, ta ƙara zuƙowa, sannan ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa Auta kira daga tsallaken titi.

“Zo ki gani. Mene ne wannan a cikin alkyabbarsa, ta ɓangaren hagu?”

“Shafi ne, Umma.”

“Shafin baƙi ne. Wannan ja ne. Faci ne. Yanzu dubi ɗamarar yarinyar nan, bakinta na dama. An kalmashe shi?”

Auta ta duba. “A'a, a yage yake.”

“Yauwa. Yadi ɗaya ne, zanen ma ɗaya. Daga ɗamararta aka yago aka toshe masa rami. Kuma duk wanda ya yi ɗinkin nan bai taɓa riƙe allura ba, dubi yadda zaren yake tafiya kamar ɗan maye. Namiji ne ya yi da hannunsa. Ga shi yarima, yana da teloli, amma ya zauna ya soka wa kansa allura. To in ba so ba, mene ne? Talauci?”

Auta ta ce, “Umma, don Allah sake faɗa,” ta danna ɗaukar murya. Anti ta sake faɗa, har ta ƙara da cewa samarin yanzu ko maɓalli ba sa iya sakawa.

Kafin a rufe shago saƙon ya zaga guruf ya fita waje. Washegari wayar Auta ta riƙa zafi. 'Yan Soyayya suka yi ta aiko da hoton fuska mai hawaye. Wata ta rubuta, “Wata takwas muna kallon idonsa, ashe amsar tana hammatarsa.” Wani ya ce a ba Anti digiri. 'Yan Takobi suka yi tsit na yini guda, sannan Injiniya ya fito da bayani cewa ai ganima ce, jarumi yakan yagi kayan abokin gaba ya ajiye. Da ya zo gwajin alkyabba ya maimaita mata haka. Anti tana da fil uku a baki, ta zare ɗaya ta ce, “Ganima a saitin zuciya? Ɗaga hannu.” Fil ɗin ya ɗan same shi. Ta ce kuskure ne.

Abin ya yi mata daɗi, ko da yake ba za ta taɓa yarda ba. Shekara talatin da wani abu tana gaya wa mutane gaskiya a kan kafaɗunsu ba wanda ya gode mata, yau ga yara masu digiri suna sallama a ƙofar shago don kawai su gaishe ta. Wasu har hoto suke ɗauka da ita. Ta fara saka tabarau ɗinta mai kyau, wanda da sai za ta unguwa. A gida mijinta ya ce, “Yanzu ke ce malamar soyayya? Ni ban ga alama ba.” Ta ce, “Kai ka taɓa yi min faci?” Ya ce shi ya taɓa canza mata tayar keke. Ta ce ba ta taɓa mallakar keke mai taya ba. Suka yi rabin awa a kan wannan.

Ranar taro, wata Asabar da rana, aka gayyace ta a matsayin babbar baƙuwa. Mijin ya kai ta, ya ce zai jira a waje, amma da ya ji sanyin zauren sai ya shigo ya zauna a layin baya. Zauren ya cika da Gaggafa iri-iri, dogaye da gajeru, da yarimomi masu takubban kwali. Wani ya shafa toka ta gaske a fuska yana ta atishawa. Barista ta fito ras a cikin ɗinkin Anti. Injiniya ma alkyabbar ta rufa masa asiri, har da jan facin a ciki, wanda ya ce a cire, Anti ta ce ita ba ta ɗinka ƙarya.

Babban abin da aka shirya shi ne a buga mataki na goma sha tara a kan majigi, kowa yana kallo. Auta ce za ta yi faɗan. In an zo wurin da komai ke lafawa, sai ta miƙa wa mahaifiyarta rimot ɗin, don girmamawa, ta riƙe har gadar ta tsinke.

Auta ta raɗa mata, “Umma, riƙewa kawai za ki yi. Kada ki taɓa komai. Ko kin taɓa ma ba abin da zai faru, 'yan Takobi sun danna madannin sara sun gaji. Amma dai kada ki taɓa.”

“Na ji. Ni yarinya ce?”

Auta ta yi faɗa mai kyau, zaure yana ihu. Ruwa ya fara sauka a allo. Ta miƙa rimot. Anti ba ta taɓa riƙe irinsa ba, don haka ta kama shi yadda hannunta ya saba kama almakashi, babban yatsa a sama, manuni a ƙasa. Zaure ya yi shiru, har ana jin mai atishawa yana toshe hanci. Yarima ya sauke takobi. Fuskarsa ta cika bango guda. Muryarsa ta fito daga manyan lasifiku huɗu, mai kauri, kamar a bayan kunnenta.

“Kin daɗe.”

Har gobe Anti tana cewa ba da niyya ta yi ba. Hannun ne kawai ya matse, sama da ƙasa a tare, kamar yadda yake yi in ta ga zare ya yi tsawo.

Gaggafa ta ɗaga takobi ta sare shi.

Ashe masu gem ɗin sun ɓoye wata hanya da sai an danna madannin sama da na ƙasa a tare, a cikin daƙiƙun nan bakwai da rabi, kuma a garin babu wanda ya taɓa cin karo da ita. Yarima ya durƙusa. Bai yi mamaki ba, murmushi ma ya yi. Ya sa hannu cikin alkyabba, ya ɓalle jan facin, ya miƙa mata. Ta karɓa. Ya sulale daga gadar ya faɗa cikin gizagizai. Gaggafa ta tsaya ita kaɗai a cikin ruwa da ƙyalle a hannu, kiɗa ya ɗauke, allo ya yi baƙi, sunayen waɗanda suka yi gem ɗin suka fara hawa. Sauran matakai goma sha ɗaya da kowa ya san suna biyo bayan gadar, babu su. Wasa ya ƙare.

Sai wata yarinya a gaba ta fasa ƙara. Barista ta miƙe, ta nuna Anti da yatsa, ta kasa haɗa kalma, ita da ke rubuta shafi biyar a kan kallo ɗaya. Daga ɓangaren 'yan Takobi, inda ya kamata a ji tafi, wani irin gunji aka ji. Injiniya ne. Ya cusa fuska a cikin alkyabba yana kuka kafaɗunsa suna girgiza, yana cewa, “Ya ba ta! Kun gani, ya ba ta!” Mataimakinsa yana jan hannunsa yana cewa, “Shugaba, ana ɗauka a waya fa.”

Daga layin baya aka ji mutum ɗaya yana dariya, har yana tari. Mijinta ne. Ya share ido ya ce da na kusa da shi, “Ni na san za a rina. Shekara ashirin da tara ina faɗa mata wannan kalmar, Allah ne kawai ya sa ba ta da takobi.”

Anti ta miƙa wa Auta rimot, ta gyara mayafi. Abin da ya ba ta haushi shi ne ita ma abin ya taɓa ta lokacin da yarima ya miƙa ƙyallen. Amma da mai gabatarwa ya kawo mata makirufo ya ce ko tana da abin faɗa, sai ta ce, “Na gaya muku faci ne.”

A mota, da suka kusa gida, Auta ta ce, “Umma, na ce kada ki taɓa.”

“Ke kuma kin ce ko na taɓa ba abin da zai faru.”

Bidiyon taron ya yi tafiya fiye da saƙon muryar. An sa mata suna Muguwar Tela. An haɗa hotonta da tabarau a karan hanci tana riƙe da takobi. Wasu daga garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba suka riƙa gwada matsin nata suna sakawa, wasu suna gode mata, wasu suna cewa ta lalata musu mako. Barista ta yi sati uku tana wucewa ta ƙofar shago ba sallama, sai da zif ɗin wata rigarta ya lalace ta shigo, ta zauna, ta ce ita har yanzu ba ta yafe ba. Anti ta ce ba komai, ta ce mata ta juya baya a auna. Injiniya ya sauka daga shugabancin 'yan Takobi da kansa, ya ce yana buƙatar ya yi tunani. Gardama kuma ba ta mutu ba, sabuwa ta tashi: shin Gaggafa ta san facin nata ne kafin ta sara, ko sai bayan ta sara? An zo an tambayi Anti. Ta ce ita tela ce, ba mai duba ba.

Abin da mutanen guruf ba su sani ba shi ne, bayan kamar wata ɗaya, wata Lahadi da hantsi, Anti ta shiga ɗakin Auta da kofin shayinta, ta zauna a bakin gado ta ce, “Kunna min abin nan. Daga farko.”

“Umma, me za ki yi da shi?”

“So nake in ga abin da ya yi mata. Ba a sare mutum haka kawai ba a san laifinsa ba.”

Tun daga ranar duk Lahadi tana bugawa awa ɗaya. Ba ta iya ba ko kaɗan. Gaggafarta tana karo da bango, tana faɗawa rijiya, ta taɓa sarar wani ɗan kasuwa da ya zo ba ta taswira. Wata huɗu ke nan tana mataki na uku, inda wata ƙatuwar ƙaguwa ke tsare bakin kogi, kuma ƙaguwar ta kashe ta sau fiye da yadda za ta iya tunawa. Auta ta ce ta kawo ta wuce mata wurin, minti biyu ne. Anti ta ƙi. Mijin yakan tsaya a bakin ƙofa da jarida a hannu yana ba da shawara, shi da bai san inda ake kunnawa ba.

“Ki bi ta hagu mana, ta hagu!”

“Malam, ka je ka tuƙa jaridarka.”

Ƙaguwa ta sake damƙe ta. Anti ta kurɓi shayi, ta goge tafin hannu a zaninta, ta danna a sake.